Kunnen Abdussalamu

A Dogon Dutsi, idan babur ya gagari masu gyara biyu, na ukun ba ya ma wahalar da kansa, sai ya ce a kai wa Kunne. Sunansa na yanka Abdussalamu, amma in ka je bayan tasha kana cigiyar Abdussalamu za ka sha yawo. Ka ce Kunne kawai, ko mai goro zai nuna maka rumfar kwanon da ke jingine da bishiyar bedi, inda ya shekara arba'in da 'yan kai yana aiki.

Yadda yake aikin ne ya ja masa sunan. Ba ya farawa da ƙarfe. Sai ya ce wa mai babur ya tayar, shi kuma ya karkata kai dama, ya lumshe ido, ya yi tsit kamar mai sauraren karatu. Can sai ya buɗe ido ya ce iska ta yi wa karbirato yawa, ko sarƙar cikin inji ta saki, ko kuma mai babur ya yi wata uku bai canja baƙin mai ba, kuma kada ya soma rantsuwa. In an kwance, a tarar haka ɗin ne. Baiwar nan ta sa masa girman kai, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Masu gyaran da sai sun zazzage inji gaba ɗaya kafin su gano ciwo, mahauta yake ce musu, a gaban idonsu kuwa.

Ɗan Kiyeshe ne, ɗan manomi. Ubansa ya so ya gaje shi a gonar gero, amma tun ranar da mobilet, ɗan ƙaramin babur na wani malamin gona, ya mutu a bakin rijiyar garinsu, Abdussalamu ya tsaya kallon yadda ake hura buji, wato fulogi, ana goga shi a wando, noma ya fita daga ransa. Yana da shekara goma sha biyar ya tako da ƙafa zuwa Dutsi, ya kama koyo wurin wani Bayarabe mafaɗaci, ya sha ranƙwashi shekara bakwai. Ya ga zamanin mobilet ya wuce, ya ga baburan China sun cika gari har kowane saurayi ya zama ɗan kabu-kabu. Duk cikinsu ɗaya ne a wurinsa: karbirato, buji, da shok na tayar da inji da sanyi. Da rumfar nan ya auri Hindatu, ya gina ɗaki uku, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya binne biyu.

Abin da Dutsi ba ta sani ba shi ne, Kunne ya daina ji.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Shekara arba'in ana ba inji wuta a ƙarƙashin kwano, ai dole a rina. Siraran sautuka ne suka fara tafiya: kukan 'yan tsaki, ƙarar cokali a kofin shayi, sannan ɗan tas-tas ɗin nan na saman inji wanda da shi yake gane rabin cututtuka. Daga baya maganar mutane ta koma masa gunaguni, sai ya kalli baki yake iya haɗa ta. Ya ji tsoro ƙwarai. Mutumin da gari ya sa wa suna Kunne, in kunnen ya tafi, da me za a kira shi? Sai ya ɓoye. Ya ci gaba da karkata kai yana lumshe ido, amma yanzu tafinsa na kan sirdin babur yana karanta rawar injin, hancinsa na shinshinar hayaƙi. Babur mai karbirato kuwa, in kun daɗe tare, ciwonsa ba ya wuce huɗu ko biyar. Yakan canka, yakan dace. Ko Hindatu bai gaya wa ba.

A farkon sanyin shekarar da ya cika sittin da uku ne Saminu ya kawo masa babur. Saminu ma'aikacin jinya ne, shi kaɗai ke riƙe da ɗan ɗakin shan magani na wani ƙauye can gaba da Sukukutane, mutanen wurin suna ce masa Majo. Wata ƙungiya ce ta ba shi sabon babur don yawon allurar rigakafi a rugagen makiyaya. Irin na yanzu ne, wanda 'yan boko ke ce wa anjeksiyon: babu karbirato, babu shok. A cikin tankinsa akwai ɗan famfo mai aiki da batir, shi ke tura mai, wata 'yar baƙar akwati kuma a ƙarƙashin sirdi ita ke auna abin da inji zai sha. In ka murɗa makulli, famfon yakan yi ɗan siririn kuka na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka tayar. Daga kukan nan mai gyara ke sanin ko babur ya kwana lafiya.

"Baba, moton ga ba shi son asuba," in ji Saminu. "Da rana taɓawa guda shi tashi. Amma da sahe, in sanyi ya sauka, sai mu yi ta turi ni da maƙwabta har hantsi."

Abdussalamu ya murɗa makulli, ya karkata kai, ya lumshe ido. Bai ji komai ba. Ya danna, babur ya tashi lafiya lau, don ya sha tafiya ya sha rana. Ya ce buji ne. Ya canja buji, Saminu ya yi godiya ya tafi.

Kwana tara ya dawo. Wannan karon Abdussalamu ya juye tankin a roba, ya tarar da ruwa kamar cokali biyu kwance a ƙasan man. Ba mamaki, man kwalba ne na bakin hanya, kuma tankin da ke kwana babu komai a ciki yakan yi gumi da sanyi. Ya wanke 'yar matatar famfo, ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya, ya gargaɗi Saminu ya daina barin tanki yana kwana da yunwa. Shawara ce mai kyau, sai dai ba ita ce maganin ciwon ba.

"Famfon hwa, Baba?" Saminu ya tambaya yana ɗaure hular kwano. "Kukan nai daidai shike?"

"Daidai shike."

Canka daban, ƙarya daban. Wannan ce ƙarya ta farko da ya yi wa mai babur a rumfar nan, ranar ko tuwon dare bai ci ba.

Zuwan Saminu na uku babu faɗa a ciki, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya jingine babur, ya zauna a benci ya fuskanci tsohon, ya ba shi labari a hankali. Ranar Talata sun yi alkawari da ardon wata ruga. Ƙyanda ta ɓulla a yankin, mata sun kawo yara ashirin da uku bakin rijiya tun da sassafe. Babur bai tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Kafin ya biya Sukukutane ya ɗauko allura a akwatin ƙanƙara ya ratsa yashi, azahar ta wuce. Ya tarar da sawun shanu da tokar murhu. Rugar ta tashi, an ce sun yi wajen Tibiri.

"Ɗiya ashirin da ukku, Baba. Ban san inda za ni iske su ba."

Abdussalamu ya karanta kowace kalma a bakinsa, ya so a ce bai iya karantawar ba. Yana iya cewa a kai babur ɗin Doso ko Yamai, inda aka ce akwai masu na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwo. Bai taɓa tura wani gaba ba a rayuwarsa, amma ba girman kai ne kaɗai ya hana shi ba a ranar, har da kunya. Ya tattara 'yan ƙarafansa a buhu.

"Ciwon ga bai biyo ka Dutsi," ya ce. "Ni za ni bi ka in iske shi. In kwana can."

Ya aika gida a gaya wa Hindatu, ya hau bayan Saminu. Kwalta ta ƙare da wuri, sauran duk yashi ne da karan gero. Saminu mutum ne mai hira, ya yi ta magana yana waiwaye, iska na kwashe maganar. Abdussalamu ya yi ta cewa haka ne, haka ne, bai san ko ta'aziyya ake masa ko barka ba.

Sun isa gab da magariba. Ƙauyen ba shi da lantarki. Bayan salla aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin shan magani, aka kawo fura. Nan Abdussalamu ya ga mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da waya a hannu. Saminu ya tashi kamar wanda ya saba, ya ɗaga sirdin babur, ya maƙala wasu wayoyi biyu a kan batir, ya jawo wata 'yar akwati mai ramuka ya ɗora a faifai. Aka jera salula bakwai, da fitilar hannu biyu, da rediyon mai gari.

"Kullum haka kuke yi?" ya tambaya.

"Kullum, Baba. Su kwana nan, da sahe kowa shi ɗauki tashi. Mi za ni ce musu? Maƙwabta na."

Abdussalamu ya girgiza kai. Tsofaffin babura ba ruwansu da batir, ko ka cire shi ka jefar, ka buga da ƙafa su tashi. Da wannan sanin mutanen nan suke tatsar sabon babur, da zuciya ɗaya. Shi kuwa wannan, batir ne numfashinsa. An tsotse shi dare guda, sanyin asuba ya ƙara kashe masa jiki, inji mai sanyi kuma ya fi neman mai da yawa, ina famfo zai sami ƙarfin turawa? In an samu ya tashi da hantsi, tafiyar Dutsi ta sake cika batir, ya iso rumfa garau kamar bai taɓa ciwo ba. A da, da kunnensa, ko da rana tsaka zai ji gajiyar batir ɗin a yadda inji ke juyawa. Wannan ya sani, kuma ya yi masa ɗaci.

Ga ƙofa ta buɗe masa. Yana iya cewa batir ne, a sayi sabo, ya koma gida da asirinsa a rufe. Amma sau biyu ya canka, yara ashirin da uku suka biya. Watakila batir ne kaɗai, watakila kuma famfon ma ya gaji da wahala yana shirin mutuwa, a sa sabon batir ya sake tsayawa ran da aka fi bukatarsa. Hanyar rabewa ɗaya ce: a ji kukan famfo da batir ɗin da ya kwana a sanyi, a sake ji da batir mai ƙarfi. In kukan ya miƙe, famfo lafiya yake. In bai miƙe ba, sai an nemo wani. Aikin kunne ne, babu wata dabara. Ya hana a cire wayoyin, ya ce a bar komai yadda aka saba.

Da aka idar da sallar asuba bai koma wurin babur shi kaɗai ba. Labari ya zaga cewa Kunne na Dutsi ne da kansa ya kwana a garin, sahun masallaci gaba ɗaya ya biyo shi, kowa ƙudundune cikin bargo. Sanyi na shiga har ƙashi. Ya sa aka roƙi liman aron batir ɗin lasifikar masallaci, babban batir na mota da ake cikawa da faranti mai zuƙar rana, wanda liman ya hana kowa jona salula a kai ko da ɗansa ne. Aka kinkimo aka ajiye gefe. Saminu ya cire wayoyin caji ya mayar wa kowa kayansa.

Wani dattijo ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru, za shi saurara."

Aka yi shiru. Abdussalamu ya ga wani ya daka wa masu tari harara. Ya ga an aika bayan danga, wata mata da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama. Gari guda ya riƙe numfashi dominsa.

Ya murɗa makulli. Fitilar gaban babur ta kama, ja-ja, ba ƙarfi. Ya karkata kai, ya lumshe ido. Babu komai, sai ɗumin nan da ke cikin kansa dare da rana. Ya kashe, ya sake murɗawa, ya ɗora tafinsa a tanki ko zai ji motsi. Tafin ya yi kanta shekara da shekaru, sanyi kuma ya sandarar da shi, ƙarfe kawai ya ji. Ya buɗe ido ya ga fuskoki sun kewaye shi, duk suna jira da yarda. Kalma ɗaya ta ishe shi ya fita. Ya dubi Saminu, ya ga akwatin ƙanƙara riƙe a hannunsa.

"Majo," ya ce, "kunnena ya mutu. Ya hi shekara biyu ba ni jin komi sai na kalli baki. Ran da ka tambaye ni famfo na ce daidai shike, ban ji shi ba. Taho ka sa naka kunnen nan, ka hwaɗa mini abin da ka ji. Ka dube ni in za ka hwaɗi."

Bai san da wane ƙarfi maganar ta fito ba, amma ya ga ta kai har sahun baya. Saminu ya ajiye akwatin, ya durƙusa ya manna kunne a tanki. Abdussalamu ya murɗa makulli.

"Shina kuka, Baba, amma da ƙyar. Shina ja, shina yankewa."

Abdussalamu ya jona wayoyi biyu daga batir ɗin masallaci, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Ya sake murɗawa. Bai bukaci a gaya masa ba, ya ga amsar a fuskokin mutane, har na baya sun ji. Duk da haka ya jira.

"Ya miƙe," in ji Saminu. "Siriri, da ƙarhi, kamar ran da anka ba ni shi."

"To, danna. Kak ka murɗa wuta, bar shi shi sha da kainai."

Taɓawa ɗaya babur ya tashi. Abdussalamu ya ji shi a tafin ƙafarsa, ta cikin yashi.

Ya yi bayanin da ya rage kamar yadda ya saba, a taƙaice. Famfo lafiya yake. Batir ya sha tatsa har ba ya riƙe wuta, a sa sabo, kuma daga yau ko fitilar hannu kada a jona masa. In an murɗa makulli a jira famfo ya gama kukansa kafin a danna. Masu salula suka ɓata rai, amma ba wanda ya yi musu. Saminu ya ɗaure akwatinsa, ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya ce zai bi sawun rugar nan ko ina ta sauka. Ya hau ya tafi.

Mutanen garin sun yi masa kirki, kirkin ne ma ya fi zafi. Dattijon da ya sa a yi shiru ɗazu ya matso dab da fuskarsa, ya wage baki ya yi masa sannu har jijiyar wuyansa ta fito, yana haɗawa da hannu yadda ake yi wa kurma. Wani ya karɓe masa buhun ƙarafa, wani ya kama masa gwiwar hannu a hanyar da babu ko tuntuɓe. Jiya da yamma ba wanda zai yi gigin taɓa shi. A motar kasuwa da ta dawo da shi akwai mutum uku daga ƙauyen, ya san kafin la'asar bayan tasha ta ji.

Bai biya rumfa ba, gida ya wuce. Ya tarar da Hindatu a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Ya zauna a turmi ya fuskance ta. Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa jin nauyin wata magana a gabanta kamar wannan ba.

"Hindatu, akwai abin da ni ɓoye miki. Ba ni ji."

Ba ta daina tsintar ba. Ta ɗago ta dube shi sosai, yadda zai ga bakinta.

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun damanar waccan. Ran da Sa'a ta haihu."

Sa'a ita ce autarsu, tana aure a Gaya, ta shekara shida ba ta samu haihuwa ba sai a waccan damanar. Ya tuna ranar. An kira a wayar Hindatu, ta yi guɗa, ta saurara, sannan ta miƙo masa ta ce ga jikarsa an kara mata wayar, ya ji kukanta. Ya tuna ya manna wayar a kunne ya daɗe yana murmushi, ya ce masha Allahu, wannan yarinya da murya take, ta gado shi.

"Da ni miƙa maka, layi ya riga ya yanke," in ji Hindatu. "Ban lura ba sai da ni karɓa. Na ga ka yi murna, sai ni ce amin."

Abdussalamu ya kalli hannayensa. Shekara biyu yana zaton shi ke rufa wa kansa asiri, ashe ita ke rufa masa. Baƙin ciki ya taso masa, ba na rumfa ba, ba na suna ba. Kaji na ta kai da kawo a gabansu suna tsintar waken da ya faɗi.

"Ke kin ji ta," ya ce. "Yaya kukan nata shike?"

Hindatu ta ba shi amsa, amsa mai tsawo. Amma hawaye ya sa ta sunkuyar da kai a kan faifan, bai ga bakinta ba.